Unguwa da Baitulmali: Tarihin Kuɗin Hidimar Jama'a a Birnin Kano

Unguwa ita ce matakin ƙasa na mulki a birnin Kano, kuma ta girmi kowace ƙaramar hukuma da ake da ita a yau. Yawancin tsofaffin unguwannin cikin ganuwa sun kafu ne a kan sana'a, ko zuriya, ko ƙasar da mazaunansu suka fito: Madabo ta malamai, Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, da Dandalin Turawa inda fataken Larabawa suka zauna. Kowace tana da mai unguwa, wanda ya san gida-gida, yake sasanta rikici, yake shaida cinikin gida, yake kai maganar jama'a gaba. Abin da unguwa ba ta taɓa mallaka ba, tun daga wancan zamani har zuwa yanzu, shi ne asusu nata na kanta.

Kafin zuwan Turawa, sarauta ce ke ɗauke da manyan ayyuka: tsaro, shari'a, kasuwa da masallacin Juma'a. Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwa da Sarki Gijimasu, sannan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Fada na karɓar kuɗin ƙasa da zakka da jangali da kuɗin karofi, amma ba a ware wani kaso domin lungunan birni ba. Hidimar yau da kullum a hannun mutanen unguwa take. Mai hali ya haƙa rijiya ya bar ta sadaka, attajiri ya gina masallaci, malami ya buɗe makarantar allo a zaurensa, samari kuma su fito aikin gayya su yashe kwata kafin damina ta kankama. Kududdufan da ke tsakanin gidaje asalinsu ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini, sai suka zama matattarar ruwan sama kafin ya gangara rafin Jakara. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya yi maganarsu a cikin labarin tafiyarsa, ya kuma ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, aka naɗa Muhammadu Abbas sarki. A zamaninsa aka kafa Baitulmali, aka fara rubuta kasafin shekara, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. An haɗe tsofaffin kuɗaɗen shiga suka zama haraji, wanda daga baya ya koma kan kowane baligi namiji. Nan ne aikin mai unguwa ya sake kama: shi ke ƙidaya magidanta, shi ke bi gida-gida yana karɓa, shi ke miƙawa sama. Da farko rabi-da-rabi ake yi tsakanin gwamnatin Turawa da En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, daga baya aka ƙara wa En'e kaso. Sannu a hankali aka kasa birnin fuskoki huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, kowace da wakilinta a saman masu unguwanni.

Isowar layin dogo a 1911 da cinikin gyaɗa da ya biyo baya sun cika Baitulmalin Kano, har En'en Kano ta zama mafi arziki a Arewa. Da wannan ajiya ta yi aikin da ya fi kowane shahara a tarihinta, wato ruwan famfo da lantarki, wanda aka buɗe a 1931 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ana jawo ruwa daga kogin Challawa, a tura shi tankin da ke kan Goron Dutse, daga can ya sauko cikin gari. An kafa famfuna a bakin manyan hanyoyi inda mata da yara da masu sayar da ruwa ke ɗiba. A cikin waɗannan shekarun ne kuma En'e ta riƙe asibitin birni, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, da makarantar Midil, da ma'aikatar gine-gine, da duba-gari masu leƙa randuna da masai da kwatoci. Wajibi ne a riƙa tunawa cewa wannan aiki ba kyautar Ingila ba ce. Harajin manomi da ɗan koli da marini ne ya biya shi, kuma yawancin waɗanda suka biya suna karkara, inda bututun bai kai ba.

A cikin garin ma rabon bai zo daidai ba. Unguwar Turawa ta Nasarawa da Bompai ta samu faffaɗan tituna da magudanai. Sabon Gari, da aka yanka wajen 1913 domin baƙi daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, an shata ta layi-layi, ta zauna ƙarƙashin hukumar Turawa kai tsaye har 1940 da aka mayar da ita hannun En'e. Lungunan cikin birni kuwa, saboda ƙuncinsu da murɗewarsu, yawancinsu sun ci gaba da dogaro da rijiya.

Haraji ya gina abubuwa, amma karɓarsa ta zo da wulaƙanci. An sha tsare magidanci a rana ko a ɗaure shi saboda ya kasa biya, wasu kuma su bar gari idan lokacin ya ƙarato. Mai biya ba shi da ta cewa a kan yadda za a kashe kuɗin. Wannan na cikin ƙorafe-ƙorafen da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta ɗora gwagwarmayarta a kai. Daga wannan lokaci ikon En'e ya fara zaizayewa. Hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, ta karɓe wuta a farkon shekarun 1950. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, da Audu Bako a matsayin gwamna, 'yan doka da gidajen yari da kotuna sun fita daga hannun En'e, harkar ruwa ta koma ta jiha, aka gina madatsar Tiga. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e gaba ɗaya. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali.

Sokewar ta yi daidai, domin ta sauke wa talaka kayan da ya daɗe yana nishi a ƙarƙashinsa. Sai dai ba a kafa wata hanya a madadinta da za ta haɗa mazaunin unguwa da asusun hukuma ba. Kuɗi ya koma saukowa daga sama, daga asusun tarayya wanda man fetur ke cikawa, inda kason ƙananan hukumomin ƙasar 774 ya kai kashi 20.6 cikin 100. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa musu ayyuka a jadawali na huɗu: ƙananan hanyoyi, magudanai, fitilun titi, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mahauta, da karɓar kuɗin gidaje. Amma sashe na 162 ya ce kuɗinsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma ta nan gwamnoni a faɗin ƙasar suka samu damar riƙe shi. A Kano, hukumomin jiha irin su REMASAB mai kwashe shara da KNUPDA mai tsara birni su ne ke gudanar da ayyuka da dama da suka shafi unguwa.

Sakamakon haka unguwa ta samu shugabanni iri biyu, babu mai riƙe da jaka a cikinsu. Akwai mai unguwa, wanda ke ƙarƙashin masarauta, ana nemansa a rigakafin shan-inna da shaidar zama da sulhu, amma ba shi da kasafi. Akwai kansila, zaɓaɓɓen wakilin mazaɓa, ɗaya daga cikin 484 da ke ƙananan hukumomi 44 na jihar, wanda mazaɓarsa kan haɗa unguwanni da yawa, shi ma sai abin da aka ga damar ba shi daga sakatariya.

Garin kuwa bai tsaya jira ba. Tsarin raya birni na shekara 20 da wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya shirya, daga 1963 zuwa 1983, jama'a sun zarce shi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, wato Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kimanin mutum miliyan 2.8. Manyan sassa na Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka sun tashi ne ta awon igiya: mai gona ya yanka ya sayar, ba a bar filin makaranta ko hanyar ruwa ba. A cikin birni an cike kududdufai da yawa an yi gini a kai, ruwan da suke shanyewa ya koma shiga gidaje. Matatun ruwa na Tamburawa da Watari sun ƙaru a kan ta Challawa, duk da haka akwai unguwannin da famfonsu ya yi shekaru a bushe.

Don haka tsohuwar hanya ta dawo da sabuwar kama. Idan taransifoma ta ƙone, gida-gida ake bi ana karo-karo. 'Yan sintiri kuɗin wata ake haɗa musu. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai su ne ke yashe lambatu, su gina kwalbati, su kewaye maƙabarta. Ruwa kuma daga burtsatsen 'yan kasuwa yake fitowa, 'yan ga-ruwa su turo shi a kura. Wannan haɗin kai abin yabo ne, amma nauyinsa ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi, domin mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa ya sa sola, mai sayen jarka-jarka kuwa kullum sai ya biya. Ayyukan mazaɓu da 'yan majalisa ke kawowa sukan toshe wata kafa, sai dai da wuya a haɗa su da kuɗin gyara, shi ya sa famfon tuƙa-tuƙa kan mutu a bar shi a haka.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe su, ban da kantomomi. Hukuncin ya tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma, bai sauka kan mazaɓa ko unguwa ba. Ya rage ga majalisar dokokin jiha da kansiloli su wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta bayyana abin da ta karɓa duk wata, da abin da ta kashe a kowace mazaɓa, a kafe takardar inda mutanen unguwa za su iya karantawa.