Yadda Togo Ta Faɗi Cikin Mako Uku

Mu mutanen Langabou, in muka kama hanyar kudu zuwa Atakpamé, ba mu da nisa da wani wuri da ake kira Kamina. Yau ba abin da ya rage a can sai kango da tsofaffin ƙarafa. Amma a shekarar 1914 wannan wuri shi ne abin da Jamusawa suka fi ji da shi a duk ƙasar Togo.

A Kamina suka gina babbar tashar wayar iska wadda ke magana kai tsaye da Nauen, kusa da Berlin. Ta nan saƙon gwamnatinsu ke isa sauran ƙasashen da suke mulka a Afirka, da jiragen ruwansu a teku.

To, wane shiri suka yi don tsaron ƙasar in maƙwabta suka kawo hari? Turawan Ingila suna yamma a Gwalkwas, Faransawa suna gabas a Dahomey, suna kuma arewa. Duk da haka Togo ba ta da rundunar soja, sai 'yan sanda baƙar fata ɗaruruwa kaɗan, cikinsu har da Hausawa. An horar da su don tilasta aikin dole da murƙushe bore, ba don gamuwa da sojan wata ƙasa ba.

Da yaƙi ya ɓarke a Turai cikin watan Agusta, gwamna yana hutu a gida. Muƙaddashinsa, von Doering, ya aika wa maƙwabta cewa kada Turawa su yaƙi juna a gaban 'yan Afirka. Suka ƙi. Sai ya bar Lomé ba tare da faɗa ba, ya bi layin dogo zuwa Kamina. Ran 7 ga Agusta sojan Gwalkwas suka shiga Lomé. A arewa ma aka janye, Faransawa da mahayan Mosi suka kama Sansanné-Mango, hanyar Sokodé ta zama a buɗe.

An gwabza a Agbélouvé, inda aka kashe Kyaftin Pfähler mai jagorantar 'yan sandan. An sake gwabzawa a kogin Chra ran 22 ga wata, Jamusawa suka tare abokan gaba yini guda, da dare suka ja baya. Daga nan suka rushe tashar da hannunsu. Ran 26 ga Agusta von Doering ya miƙa wuya ga Bryant, jagoran sojan Ingila.

Ku duba wannan shiri da kyau, 'yan'uwa. Ba a yi shi don Sokodé ko Dapaong ko ƙauyukan kakanninmu ba. An yi shi ne don a tsare waya na 'yan kwanaki. Shi ya sa 'yan sanda da yawa suka zubar da bindiga suka koma gida. Wa zai ba da ransa don abin da ba nasa ba?

Talakawa ne suka biya kuɗin sabulu. Aka raba ƙasar biyu tsakanin Ingila da Faransa, aka kori mishan Jamusawa a 1917 da 1918, aikin ikilisiya da makarantu ya faɗa hannun malamai 'yan ƙasa. Yankin yamma ya shiga Ghana a 1957, dangi suka wayi gari da iyaka a tsakaninsu har yau.

Mai mulkin da bai sa talakawansa cikin lissafi ba, ranar wuya ba zai same su a bayansa ba.