Zoben da ke ƙafar tsuntsu: daga ina ya fito?

Jama'a, kaka ta shigo, baƙin tsuntsaye sun fara sauka a bakin Komadugu, daga Shetimari har Bosso. Wani lokaci yaranmu kan kamo wani da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, sai ka ji ana cewa asiri ne, ko na leƙen asiri. To, ga tarihinsa.

A da Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya in sanyi ya zo ba. A 1822, kusa da garin Klütz na Jamus, aka harbo wata farar shamuwa da mashin Afirka soke a wuyanta. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Sai a 1899 wani malamin makaranta ɗan Danmak, Hans Mortensen, ya fara saka wa tsuntsaye zobe mai lamba da adireshi, don duk wanda ya tsinta ya aiko da labari. Yau galibin masu wannan aiki ƴan sa-kai ne.

Abin ya iso ƙofar gidanmu. A 1967 masana daga Ingila suka yada zango a Malam Fatori, tsallaken Bosso, suna kama tsuntsaye da raga, su auna nauyinsu don sanin kitsen da suke tarawa kafin su ƙetare Sahara.

Ashe fadamarmu ce rumbunsu. In ta bushe, sun rasa guzuri.

Don haka in mun ga zobe, kada mu tsorata, kada mu yar. Mu rubuta lambar, da rana, da wurin, mu kai wa ma'aikatan gandun daji.