Rigar Sojan Ruwa da Ta Zama Kayan Yaƙin 'Yan Mata

Wata mai bibiyar wannan shafi ta aiko da tambaya cikin raha: wace irin jaruma ce za ta fita yaƙi da dodanni sanye da kayan makaranta, ɗan guntun siket da takalmi mai tsini? Sailor Moon take nufi, katun ɗin Japan da kamfanin Toei ya shirya, aka fara nuna shi a tashar TV Asahi ranar 7 ga Maris, 1992. Tambayar ba banza ba ce, balle ma idan aka dubi Sailor Mars, wadda ke tsalle-tsalle da jajayen takalma masu tsini, ko safa babu. Sai dai ita rigar da ake yi wa dariyar, tun asali don jiki ya sake aka ɗinka ta.

Rigar mai faffaɗan wuya da ke kwantawa a gadon baya ta sojojin ruwan Ingila ce. A 1846 Sarauniya Victoria ta sa aka ɗinka wa ɗanta mai shekara huɗu irinta, daga nan ta zama yayi ga 'ya'yan Turawa. A lokacin da ta isa makarantun Japan, ɗalibai mata kimono suke sawa da hakama, tufafi masu nauyi da ɗaure-ɗaure, waɗanda ba sa barin yarinya ta yi gudu a filin wasa.

Wace makaranta ce ta fara sa wa ɗalibanta wannan riga? A nan gardamar take, kuma makarantun mishan uku ne ke ja-in-ja. Shekara da shekaru kowa ya yarda cewa Fukuoka Jo Gakuin ce, a 1921, ƙarƙashin shugabarta Ba'amurkiya Elizabeth Lee, wadda ta ga kimono na hana ɗalibanta motsa jiki. Labari ne mai daɗin ji, yana da jaruma, yana da dalili, shi ya sa ya daɗe ba wanda ya taɓa shi. Sai a 2007 kamfanin Tombow mai ɗinka kayan makaranta ya fito da bincikensa, ya ce Heian Jogakuin ta Kyoto ta riga ta da shekara guda, a 1920. Mutanen Fukuoka ba su rasa amsa ba: ta Kyoto doguwar riga ce guda ɗaya da ɗamara, wuyan kawai aka ara, alhali abin da duniya ta sani riga ce daban, siket daban.

Amsar tasu gaskiya ce, amma ita ce ta kayar da su. Masanin tarihi Yoshinori Osakabe na Jami'ar Nihon ya bi tsofaffin takardu da hotunan makarantu, ya nuna cewa Kinjo Gakuin ta Nagoya ta fara sa riga da siket ɗin a Satumbar 1921, Fukuoka kuwa sai a Disamba. Idan ma'aunin Fukuoka za a bi, Nagoya ce ke da kambun. Hujjar Osakabe ta fi nauyi, domin ya dogara da kwanan wata, ba da labarin da makaranta ke ba wa kanta ba.

Shekara saba'in bayan haka, mai labarin Sailor Moon, Naoko Takeuchi, wadda ta karanta ilmin haɗa magunguna kafin ta rungumi zane, ta so ƙirƙiro 'yan mata mayaƙa. Editanta, Fumio Osano, shi ya ba da shawarar a sa musu kayan makaranta. Ita kuwa idonta na kan manyan telolin Faransa. Farar rigar Gimbiya Serenity daga wani ɗinkin Christian Dior na 1992 ta samo siffarta, wasu miyagun labarin kuma ɗinkin Thierry Mugler da Yves Saint Laurent aka kwaikaya musu. Ko kusa ba filin daga Takeuchi ke tunani ba. Ado take so, kuma ba ta ɓoye ba.

To ina amfani ya shiga? Ya shiga ta hannun masu zane. A wancan zamani da hannu ake zana kowane hoto a kan roba mai shara-shara, a shafa fenti, dubbai a kowane mako. Kowace tattara a siket, kowane maɓalli, aiki ne da za a maimaita har hannu ya gaji. Kazuko Tadano, wadda ta tsara surar jaruman don talabijin, ta rage wa zanen Takeuchi ƙyale-ƙyale, ta bar layuka kaɗan masu ƙarfi. Yanka ɗaya aka yi wa jaruman su biyar, launi da takalmi suka bambanta su: ja ga Mars, kore ga Jupiter, ruwan lemo ga Venus. Yaro na hango su ya san wace ce. Wurin da suke rikiɗa su sa kayan yaƙi kuwa sau ɗaya ake zana shi da kyau, a riƙa sako shi mako-mako, masu kallo na jin daɗi, kamfani na tsimin kuɗi.

A 2013 aka ga ɓangarorin biyu, amfani da ado, a wasu katun biyu na Japan. Attack on Titan ya sa wa sojojinsa dogayen takalma da maɗaurai na fata da suka kewaye jiki, abin da ya yi kama da kayan aiki na gaske amma yake cin ran mai zane. Kill la Kill kuma ya ɗauko rigar sojan ruwan, ya ba ta ido da baki, ya mai da ƙanƙantarta abin barkwanci da gangan. A makarantun Japan kuwa tun daga shekarun 1980 sakandare da dama suka koma sa kwat, yanzu ma wasu na barin ɗalibai mata su zaɓi wando.