Asibitin 'Yan Tsana na Lisbon

A dandalin Praça da Figueira da ke tsakiyar Lisbon, babban birnin Fotugal, akwai wani tsohon shago da tun shekarar 1830 ake kai masa 'yan tsana masu karyayyen hannu da fasasshen kai. Sunansa Hospital de Bonecas, wato asibitin 'yan tsana. Idan an kawo ɗaya, sai a buɗe mata kati, a rubuta abin da ke damunta, a ɗaura mata lamba, sannan ta jira layinta.

Masu gidan suna ba da labarin cewa wata tsohuwa ce, Dona Carlota, ta kafa shi ba da niyya ba. Ganyayen magani take sayarwa, idan kasuwa ta lafa sai ta zauna bakin ƙofa tana ɗinka 'yan tsana na tsumma. A lokacin dandalin kasuwa ne, an kafa ta a filin da babban asibitin birnin yake kafin girgizar ƙasar 1755. Yaran 'yan kasuwa suka fara kawo mata nasu da suka yage, tana ɗinke musu. Sannu a hankali gyara ya danne sayar da ganye. An rushe kasuwar a 1949, shagon kuwa yana nan.

Abin da ya mai da wannan aiki sana'a sosai shi ne 'yan tsanan da masana'antun Faransa da Jamus suka riƙa fitarwa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Kamfanonin Jumeau da Bru a Faransa, da Kestner da Armand Marseille a yankin Thuringia na Jamus, suna ƙera kawunansu da tangaran marar ƙyalli, wanda launinsa ke kama da fatar mutum. Jikin kuwa fatar ɗan akuya ce da aka cusa wa garin katako, ko kuma kwaɓin garin katako da gam da aka matse a cikin mazubi. Gashin daga akuyar Angora yake, wani lokaci ma na mutum ne. Idanun gilashi ne, an haɗa su da waya da ɗan curin dalma a cikin kai, shi ya sa idan an kwantar da 'yar tsanar sai ta rufe ido. Igiyar roba ce ke riƙe da gaɓoɓin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da irin tasa lalacewa: tangaran ya fashe, roba ta saki, asu ya cinye gashi, raɓa ta tsattsaga kwaɓin, idanu su faɗa cikin kai. Ga tsada. Uban da ya sayo wa 'yarsa irin wannan ba zai yar da ita don hannu ya cire ba.

Haka abin ya faru a Sydney ta Ostareliya. A 1913 Harold Chapman ya fara gyara 'yan tsanan da ake shigowa da su daga Japan, waɗanda robarsu ke lalacewa a cikin jirgin ruwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe shigo da kaya, sababbi suka yi wuya, sai ma'aikatan asibitin 'yan tsanan da ya kafa suka kai 70.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina a wannan sana'a shi ne sanin inda za a tsai da hannu. Sauya roba ko mayar da ido gurbinsa ba ya jawo gardama. Rigimar tana kan fuska. Kumatu da gira da leɓen tsohuwar 'yar tsana wani ne ya zana su da hannu aka gasa su a wuta fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma duk wanda ya bi kansu da sabon fenti ya shafe aikin da ba za a sake samu ba. Saboda haka ƙwararru suke fara duba ƙeya, inda kamfani ya hatimce sunansa da lambar mazubi (390 ta Armand Marseille na cikin waɗanda aka fi gani), don su san da wa suke hulɗa. Sukan zaɓi gam ɗin da za a iya narkarwa nan gaba, su cike tsagar kaɗai, su bar sauran yadda suka same shi. Masu saye ma sun waye: sukan haska fitila ta musamman a cikin duhu, sabon fenti ya tona kansa, farashi ya faɗi.

Sai dai ba kowa ne ke zuwa don farashi ba. Tsohuwar da ta kawo 'yar tsanar uwarta tana iya cewa a gyara hannu amma kada a taɓa goshin da ya goge, domin wurin da ake sumbata ne. A ganina tana da gaskiya, kuma gwanin da ya saurare ta ya fi wanda zai miƙa mata abu fes da ba ta gane shi ba.

Akwai cutar da har yau ta gagari asibitocin nan. 'Yan tsanan seluloyid, irin robar farko da ta yi tashe a farkon ƙarni na 20, suna saurin kama wuta, kuma idan suka tsufa sukan yi rawaya su riƙa marmashewa, suna fitar da iska mai tsami da ke cin ƙarfe da tufa. Abin da ake iya yi musu shi ne a ware su a wuri mai sanyi da iska ke ratsawa, nesa da sauran.