Birnin Ikko da Cunkoson Motoci: Waiwaye

Duk wanda ya taɓa shafe sa'o'i cikin gosulo a Ikko ya san cewa matsalar ta wuce ɓata lokaci. Hayaƙin da ke fita daga danfo da tireloli, da ƙarar oda dare da rana, mazauna gefen titi ne ke kwana da su. Saboda haka yana da kyau mu waiwayi yadda hukumomi suka tunkari lamarin.

Asalin matsalar daga yanayin ƙasa take. Ma'aikatu da manyan kasuwanni suna kan tsibiri, alhali yawancin jama'a suna zaune a tsallaken ruwa. Gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, ita kaɗai ce mashigar mota har zuwa lokacin da aka samar da gadar Eko, wadda aka kammala a 1975. A daidai wannan zamani kuɗin man fetur ya yawaita, motoci suka cika gari.

A 1977 sai hukuma ta fito da dabarar raba ranaku bisa lambar mota: wadda lambarta ta dace da ranar ita ce za ta hau manyan tituna. Masu hannu da shuni suka sayi mota ta biyu, dokar ta zama tamkar zuba ruwa a kwando. Gwamna Lateef Jakande kuwa ya hango wata mafita, wato jirgin ƙasa na cikin gari, amma gwamnatin soja ta soke aikin a 1985. A maimakonsa muka samu gada ta uku a 1990, mai tsawon kilomita 11.8. Sauƙin da ta kawo bai daɗe ba, domin sabuwar hanya sababbin motoci take gayyatowa. Hatta ƙaurar da gwamnatin tarayya ta yi zuwa Abuja a 1991 ba ta rage cunkoson yadda aka zata ba.

Sai a 2008 aka canza salo, da aka keɓe wa manyan bas-bas layinsu daga Mile 12 zuwa CMS. A 2023 kuma jirgin ƙasa ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2, shekara 38 bayan soke shirin Jakande.

Darasin da muka koya shi ne, hukumomi sun daɗe suna lissafin motar da za ta wuce, sun mance da mutumin da ke zaune a bakin hanyar. Mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da yaron da ke tsallaka titi zuwa makaranta a Agege, su ma suna da haƙƙi a kan iskar garin da natsuwarsa. Ya kamata duk wani sabon titi a auna shi da lafiyarsu tun kafin a zuba kwalta.