Daga Ayarin Fatake zuwa Cinikin Waya a Ƙasar Kano

Garo gari ne a ƙasar Kabo, yamma da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Gwarzo. Yawancin mutanen wannan yanki manoma ne, suna noma dawa da gero da masara da gyaɗa da wake, suna kiwon dabbobi kuma. A zamanin yanzu, in manomi ya yi niyyar sayar da buhun masara, ya kan fara buga waya ga wani ɗan'uwansa a kasuwar Dawanau ya ji yadda a ke sayarwa. In ciniki ya faɗa, sau da yawa ba ya taɓa kuɗin da hannunsa, sai dai saƙo ya shigo wayarsa cewa an biya. Wannan al'amari sabo ne ƙwarai, amma wanda ya ke son ya gane shi sosai sai ya waiwayi yadda ciniki ya ke a ƙasar Kano tun zamanin kakanni.

Zamanin fatake

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi ta ke tara baƙi daga nesa. Sa'ad da Baturen nan Heinrich Barth ya iso Kano cikin 1851, ya tarar tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Fatake kuwa su kan yi ayari su tafi Gwanja sayen goro, madugu yana shugabancinsu, kuma tafiya da dawowa ta kan ci kusan shekara.

Abubuwa biyu su ne suka fi wahal da fatake. Na fari labari, domin labarin kasuwa ba ya wuce saurin jaki ko raƙumi. Mutum ya kan ɗauki kaya bisa labarin da ya ji wata uku da suka wuce, ya isa ya tarar kasuwa ta faɗi. Na biyu kuɗi, domin wuri a ke ciniki da shi, ga shi da nauyi. A lokacin Barth wuri 2,500 shi ne riyal guda, watau keso ɗaya mai wuri 20,000 bai fi riyal 8 ba. Saboda haka mai dukiya ba shi da ikon ya ɗauki kuɗinsa duka ya yi tafiya da su. Maganin da mutanen dā suka samo wa waɗannan wahaloli shi ne amana. Baƙo ya kan sauka gidan fatoma, shi ne zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba da bashi. Dillali kuma ya karɓi la'adarsa. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya kan bi zango zango, har ya rasa mai saukar da shi.

Jirgin ƙasa da gyaɗa

Turawan Ingila suka ci Kano cikin 1903, suka ja wayar tangaraho, sa'an nan hanyar jirgin ƙasa ta iso birni cikin 1911, aka buɗe ta sosai cikin 1912. Nufin Turawa shi ne a noma auduga a kai masaƙunsu, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, sai suka raja'a a kanta. Alhasan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro a ƙasar Asante, ya zama babban mai sayen gyaɗa, har sa'ad da aka buɗe banki a Kano cikin 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20.

A wannan zamani labari ya yi sauri, amma ba kowa ya ke samunsa ba. Farashin gyaɗa ya kan taso daga Ingila ta waya, ya sauka ofishin kamfani, daga nan ya kai ga manyan masu saye, su kuma su gaya wa yaransu da ke bakin sikeli a ƙauyuka. Manomin da ya sha rana ya noma gyaɗar shi ne na ƙarshen ji, kuma abin da aka ga dama a ke gaya masa. Haka abin ya daɗe, har bayan da naira ta canji fam cikin 1973. Wayar tarho kuwa ta manyan ofisoshi ce da gidajen attajirai. Har zuwa shekara ta 2000, layukan da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, alhali mutanen ƙasar sun haura miliyan 100.

Zuwan wayar hannu

Cikin watan Janairu 2001 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon lasisin wayar hannu, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. Cikin watan Agusta na wannan shekara Econet da MTN suka fara aiki. Da fari layi ɗaya ya kan kai naira 20,000, sai mai hali ke saye. Da Glo ya shigo cikin 2003, ya fara lissafin kira da daƙiƙa maimakon minti, sai gasa ta sa kuɗin ya yi ta sauka, har layi ya zama abin da ɗan acaɓa da mai shayi za su iya mallaka.

Sababbin sana'o'i suka ɓullo nan da nan. Aka sami masu sayar da kati, da masu gyaran waya, da masu janareta da ke yi wa mutane caji a ƙauyukan da babu lantarki. A birni kasuwar Farm Centre ta cika da samari masu saye da sayar da waya. Cikin 2012 gwamnatin tarayya ta fara raba takin zamani ta hanyar aika wa manoma saƙo a waya, manomi ya nuna saƙon ya karɓi rabonsa. A karo na fari mutumin ƙauye ya sami ikon jin labarin kasuwa a sa'ar da attajirin birni ya ji shi.

Intanet da kasuwarta

Intanet ita ce haɗuwar kwamfutocin duniya ta hanyar wayoyi, har kowace ta iya aika wa 'yar'uwarta rubutu ko hoto ko murya. An fara gwada ta a Amurka cikin 1969, sa'an nan cikin 1989 wani Bature mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, ya ƙago hanyar shafuka wadda ta sa kowa ya iya amfani da ita. Da 'yan kasuwa suka ga haka sai suka yi ca. Aka kafa Amazon cikin 1994 yana sayar da littattafai, aka kafa Google cikin 1998. Masu kuɗi suka riƙa zuba jari a kowane kamfani da ya ce zai yi ciniki ta intanet, ko da bai taɓa cin ribar kwabo ba. Cikin 2000 kasuwar hannun jarin ta rushe, kamfanoni da yawa suka mutu, sai masu ƙarfi suka saura.

Intanet ta ƙara sauri a Nijeriya daga 2010, sa'ad da aka shimfiɗo sababbin manyan wayoyi ta ƙarƙashin teku daga Turai zuwa Ikko. Cikin 2012 aka kafa Jumia da Konga a Ikko, da nufin mutum ya zaɓi kaya a waya, a kawo masa har gida. Amma wannan tsari bai kama sosai a ƙauyuka ba. Gidaje da yawa ba su da lamba, hanyoyi ba su da kyau, kuma Bahaushe ba ya son ya biya kuɗin abin da bai gani ba ga mutumin da bai sani ba. Cikin 2018 aka sayar da Konga ga wani kamfani.

Abin da ya kama a ƙasar Kano daban ne. Mutane suka ɗauki WhatsApp da Facebook da Instagram suka mai da su rumfar kasuwa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya kan ɗauki hoton atamfa da shadda ya aika wa abokan cinikinsa na Gwarzo ko Maraɗi, su zaɓa, a ɗaure kayan a ba direban tasha ya kai. Matan aure, waɗanda tun dā su ke sana'a a cikin gida suna ɗora wa yara talla, yanzu suna tallar turaren wuta da kayan ɗaki da yaji da kansu ba tare da sun fita ba. Masu shirya fim na Hausa ma, da kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, sai suka koma YouTube da tashar Arewa24 wadda ta fara aiki cikin 2014. A duk waɗannan, sanayya ce ke tafiyar da cinikin, kamar yadda ta ke a zamanin fatoma.

Shekarar da kuɗi suka ɓace

Bankuna ba su cika buɗe rassa a ƙauyuka ba. Cikin 2013 Babban Bankin Nijeriya ya ba da izinin a naɗa wakilai masu 'yar na'ura, waɗanda a ke kira masu POS, su riƙa ba mutane kuɗi suna karɓar ajiya. Daga baya kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka baza na'urorinsu har ƙananan garuruwa. Duk da haka manoma da masu dabbobi da yawa suka ƙi, suka ce su dai a ba su kuɗinsu a hannu.

Cikin watan Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ba da wa'adi zuwa 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffin kuɗi banki, amma sababbin ba su wadata ba. Kasuwannin ƙauye suka tsaya cik. Mai hatsi yana da kaya, mai saye yana da kuɗi a banki, amma ciniki ya gagara. Wanda ya matsu ya sayar da akuyarsa da araha ga mai tsabar kuɗi, wasu masu POS kuwa suka tsawwala la'ada. Ran 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. Amma kafin nan wahala ta riga ta koya wa mutane abin da lallashi ya kasa, domin masu nama da masu kayan miya da dillalan shanu da yawa sun buɗe asusu, kuma ba su rufe ba bayan kuɗi sun dawo.

Inda haɗarin ya ke

Sabuwar hanya ta zo da sababbin ɓarayi. Cikin watan Disamba 2016 wani shiri mai suna MMM, wanda ya yi wa mutane alkawarin ribar 30 bisa 100 a wata guda, ya rufe da kuɗin jama'a. Cikin watan Afrilu 2025 wani mai suna CBEX ya yi irin wannan. Dabararsu ɗaya ce, da kuɗin sababbin shiga a ke biyan na farko, ran da masu shiga suka ragu sai abin ya rushe. Akwai kuma masu aika saƙon ƙarya cewa kuɗi sun shiga, da masu buga waya su ce daga banki su ke, su nemi lambar sirri. Mai iya karatu, wanda ya ke duba asusunsa da kansa kafin ya saki kaya, ya fi ƙarfin yawancin waɗannan.

Har wa yau, cinikin waya ya dogara ga abin da ba ya hannun ɗan kasuwa. Cikin watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga, har da Malumfashi wadda ba ta da nisa da Gwarzo, masu POS da 'yan kasuwa suka rasa yadda za su yi. Cikin watan Maris 2024 wayoyin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna ya rikice. Cikin Janairu 2025 kuma aka yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da 50 bisa 100. Manyan kamfanonin da ke riƙe da wannan hanya galibi jarinsu na waje ne, ko Paystack da 'yan Nijeriya suka kafa, wani kamfanin Amurka mai suna Stripe ya saye shi cikin 2020. Kowane kira da kowane aike akwai 'yar la'adar da ke tafiya nesa, kamar yadda ribar gyaɗa ta riƙa tafiya Ingila.

To, in aka auna, manomin Garo ya sami abubuwa biyu da kakansa bai samu ba, watau labarin kasuwa a kan kari, da hanyar karɓar kuɗi ba tare da tsoron 'yan fashi a hanya ba. Amma waya ba ta gyara hanyar mota, ba ta gina rumbu, ba ta hana mai bashi sayar da amfaninsa da kaka sa'ad da hatsi ya fi araha. Wanda ya san farashin Dawanau amma ba shi da ikon jira, mai ajiya ne zai ci ribar noman da ya yi. Dillali kuma yana nan bai gushe ba, ya dai sami waya shi ma, kuma har yanzu wanda aka san gidansu, aka san bai taɓa cin amana ba, shi a ke tura wa kuɗi kafin a ga kaya.