Zaftarewar dusar ƙanƙara: haɗarin da ke jiran masu zamiya a wajen hanya

Zaftarewar dusar ƙanƙara ita ce ɓallewar tarin dusa daga gangaren tsauni, ta sauko da ƙarfi tana binne duk abin da ta tarar. A tsaunukan Alps na Turai, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya, takan kashe kimanin mutum 100 a shekara. Yawancinsu masu wasan zamiya ne da suka bar hanyoyin da aka gyara aka kafa wa alama, suka shiga dusar da ba a taɓa ba, ko masu hawan tsauni.

Abin lura shi ne, a kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan haɗari, wanda ya mutu ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar. Dusa takan zuba hawa-hawa. Idan wani hawa mai rauni ya kwanta a ƙarƙashin wani mai tauri, nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya na ƙasan, sai na saman ya tsage ya zame gaba ɗaya kamar faifai. Hakan ya fi faruwa a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, wato daidai irin wanda ƙwararrun ’yan zamiya suka fi so. Sabuwar dusa, da iskar da ke tara ta a gefe guda na tsauni, da ɗumamar yanayi farat ɗaya, duk suna ƙara haɗarin. Tsagewar dusa a gaban mai tafiya, ko jin ta dira da ƙara a ƙarƙashin ƙafa, alama ce ta a juya.

Tun 1993 ƙasashen Turai ke aiki da ma’aunin gargaɗi mai mataki 5. A Suwizalan, cibiyar SLF da ke Davos ce ke fitar da sanarwar kullum a lokacin hunturu. Mataki na 3 shi ne mafi yaudara: yana tsakiya, mutane na ɗaukarsa da sauƙi, amma kusan rabin mace-macen a kansa suke aukuwa.

Wanda dusa ta binne, lokaci ne babban abokin gabarsa, domin rashin iska ke kashe mafi yawa. Binciken Suwizalan ya nuna cewa fiye da kashi 90 na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna rayuwa, amma bayan minti 35 adadin kan faɗo zuwa kusan kashi 30. Jirgin agaji ba kasafai yake isowa cikin wannan wa’adi ba, don haka ceto na hannun abokan tafiya. Shi ya sa ake bukatar kowa ya ɗauki abu uku: na’urar aikawa da karɓar sigina da ake ɗaurawa a jiki, da doguwar sanda mai naɗewa ta laluben wanda aka binne, da shebur. Dusar da ta zaftare takan daskare da tauri har hannu ba ya iya tone ta. Akwai kuma jakar baya mai kumbura, wadda ke rage yiwuwar nutsewa, ko da yake ba ta kare mutum daga dutse ko bishiya. Ana kuma ƙetare gangare mai haɗari ɗaya bayan ɗaya, don kada dusa ta haɗa da masu ceton.

A ranar 17 ga Fabrairun 2012, dusa ta binne Yarima Friso, ɗan Sarauniya Beatrix ta Holan, yana zamiya a wajen hanya kusa da Lech a Ostiriya, a ranar da gargaɗi ke mataki na 4. Na’urar da ke jikinsa ta sa aka gano shi, amma ya shafe kimanin minti 25 a binne, ƙwaƙwalwarsa ta lalace saboda rashin iska. Bai warke ba har ya rasu a watan Agustan 2013, yana da shekara 44.